Gwajin Maganin Mantuwa: Me Ya Sa Ake Barin Masu Lalurar Down A Waje?

A shekarun 2023 da 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu, lecanemab da donanemab, waɗanda ke rage saurin cutar Alzheimer, wato nau'in ciwon mantuwa da ya fi yawa a duniya. An gwada na farko a kan mutum 1,795, na biyu a kan mutum 1,736. Masu lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita kuma take zuwa da tawayar fahimta, ba sa cikin waɗanda aka gina waɗannan gwaje-gwaje a kansu, alhali su ne jama'a mafi yawa a duniya da halittarsu ta ɗora su a kan hanyar kamuwa da wannan cuta. Yau idan iyali suka kawo ɗan'uwansu mai lalurar Down ɗan shekara 50 da ya fara mantuwa, likita ba shi da hujjar da zai tsaya a kai ya ce maganin zai amfane shi ko zai cutar da shi. Shawarar da ƙwararru suka fitar a 2023 kan amfani da lecanemab ma cewa ta yi a dakata da ba su har sai an samu bayanai. Bayanan kuwa ba sa samuwa sai an yi gwaji da su a ciki.

Dalilin da ya haɗa lalurar Down da ciwon mantuwa yana cikin ƙwayar halitta. Mutum na da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, bibbiyu kashi 23. Mai lalurar Down galibi na da 47, saboda na lamba 21 ya zo uku maimakon biyu, abin da aka gano a Faransa a 1959. A kan wannan kuromosom ɗin ne ƙwayar gadon da ake kira APP take, ita ce ke ba jiki umarnin ƙera furotin ɗin da amiloyid, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, ke fita daga cikinsa. Mai kwafi uku yana ƙera fiye da kima tun daga haihuwa. Amiloyid na taruwa a ƙwaƙwalwa ya daskare, bayan shekaru wani furotin mai suna tau ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin jijiya, su fara mutuwa. Zuwa shekara 40 kusan duk mai lalurar Down na da waɗannan alamomi a ƙwaƙwalwarsa ko da yana nan garau a ido. Alamun cutar na fitowa fili ne galibi tsakanin shekara 50 da 55, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka yi tsawon rai za su kamu.

Akwai shaidu biyu da suka ƙarfafa wannan bayani. A 1998 an ba da rahoton wata mata mai lalurar Down da ta kai shekara 78 ba tare da ciwon mantuwa ba. Da aka bincika, ɓangaren kuromosom 21 da ya ƙaru a jikinta bai ƙunshi APP ba. A 2006 kuma aka gano wasu iyalai a Faransa da ba su da lalurar Down amma suna da ƙarin kwafin APP kaɗai, kuma suna kamuwa da Alzheimer da wuri. Har ma ilimin da aka gina sababbin magungunan a kansa ya bi ta jikin masu lalurar Down: a 1984 masu bincike biyu, Glenner da Wong, sun ciro amiloyid daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, sannan suka nuna shi ne dai a ƙwaƙwalwar mai lalurar Down. An amfana da su wajen gano cutar, aka manta da su wajen gwada magani. Wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Ba kasafai ake rubuta "ba a son mai lalurar Down" ƙarara ba. Sharuɗɗan shiga ne ke tace su. Na farko shekaru: gwajin lecanemab ya ɗauki 'yan shekara 50 zuwa 90, na donanemab 60 zuwa 85. Mai lalurar Down da ya kai 60, idan ya kai, galibi cutar ta riga ta yi nisa, ta wuce matakin da maganin ke aiki. Na biyu jarrabawar ƙwaƙwalwa. Akwai wata gajeriyar jarrabawa mai maki 30 da ake kira MMSE, ana tambayar kwanan wata, a sa mutum ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla. Gwajin lecanemab ya nemi maki 22 zuwa sama, na donanemab 20 zuwa 28. Da yawa daga masu lalurar Down ba su taɓa iya kai wannan makin ba ko suna 'yan shekara 20 da cikakkiyar lafiya, don haka jarrabawar na auna tawayar fahimtar da aka haife su da ita, ba ta auna mantuwar da ta zo daga baya. Na uku, yawancin gwaje-gwaje na cire duk wanda ke da wata lalurar ƙwaƙwalwa ko ta jijiya da za ta iya rikita sakamako, kuma wannan layi ɗaya ya isa ya rufe ƙofa.

Masu tsara gwaji na da dalilinsu, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Waɗannan magunguna na kwashe amiloyid, har da wanda ya manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Idan bangon ya yi rauni sai ruwa ya tsiyaya ƙwaƙwalwa ta kumbura, ko jini ya ɗiga. Likitoci na kiran wannan ARIA. A gwajin lecanemab kumburin ya samu kashi 12.6 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin, a na donanemab kimanin kashi 24. Yawanci ba ya nuna alama, sai a hoton ƙwaƙwalwa na MRI ake ganinsa, kuma yana bajewa idan aka dakatar da magani. Amma yana kisa: a babban gwajin donanemab mutum uku sun rasu ta wannan hanya. Masu lalurar Down kuwa amiloyid na taruwa a jijiyoyin jininsu fiye da na sauran mutane, saboda haka akwai kyakkyawan dalilin tsoron cewa haɗarin zai fi yawa a gare su.

Sai dai wannan tsoron hujja ce ta a yi gwaji cikin tsanaki. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba zai karɓi irin da aka gwada a tudu kawai ya shuke gonarsa da shi ba, zai nemi a fara gwada shi a ɗan yanki na fadama inda ruwa ke kwanciya. Idan an ƙi gwada magani a kan mutum 60 ƙarƙashin sa ido, da hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai da kwamitin da zai iya tsayar da aikin, haɗarin bai gushe ba. Ya koma ɗakin likita ne, inda iyalai masu hali za su matsa a ba ɗan'uwansu, a ba shi ba tare da an san adadin da ya dace ba, kuma abin da ya faru da shi ba zai shiga wani lissafi da zai amfani na baya ba.

Tarihi ya riga ya nuna cewa abin da ya yi aiki a kan sauran mutane ba lallai ya yi a nan ba. Memantine magani ne da ake ba masu Alzheimer. A Birtaniya da Norway aka gwada shi tsawon shekara guda a kan masu lalurar Down 173 da suka haura shekara 40, aka buga sakamakon a 2012: bai amfana musu da komai ba. Bitamin E ma an gwada shi shekara uku a kan mutum 337, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna amfani ba. Waɗannan gwaje-gwaje sun hana a ci gaba da ɗura wa mutane abin da ba ya aiki, sun kuma tabbatar da cewa masu lalurar Down da iyalansu na iya jure dogon gwaji. Donepezil, wani maganin Alzheimer da ake samu a kasuwa, ƙananan gwaje-gwaje kawai aka yi masa a kansu, kuma yana rage bugun zuciya, su kuma da yawansu bugun zuciyarsu da ma a ƙasa yake. Duk likitan da zai rubuta shi ya auna bugun zuciya tukuna, ya fara da ɗan kaɗan.

Abubuwa sun fara motsawa. Cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun ƙaddamar da shirin INCLUDE a 2018 don binciken lafiyar masu lalurar Down. An kafa rukunin mutanen da ake bibiya da auna ƙwaƙwalwa da jini da hoto tun kafin a fara ba da wani magani, domin idan gwaji ya zo an riga an san matsayin kowa. An gwada allurar rigakafin amiloyid ta kamfanin AC Immune a kan mutum 16, aka buga sakamakon a 2022, sannan aka faɗaɗa aikin. An kuma tsara gwajin donanemab na masu lalurar Down su kaɗai, mai suna ALADDIN, wanda babban burinsa shi ne sanin ko maganin na da aminci a jikinsu. A Basalona ta Sifaniya akwai babban rukunin da aka daɗe ana bibiya, wanda ya nuna cewa sauye-sauyen cutar na bin tsari ɗaya shekara kusan 20 kafin alamu su bayyana. Wannan tsari da ake iya hasashensa ne ya sa masu lalurar Down suka fi kowa dacewa da gwajin rigakafi, domin an san lokacin da ya kamata a shiga tsakani.

Gwajin da aka tsara dominsu na da siffarsa. Ana saukar da shekarun shiga zuwa wajen 35 ko 40. Ana auna mutum da kansa, wato a gwada shi yau a kwatanta da yadda yake bara. Akwai jarrabawar hotuna 12: a nuna masa huɗu-huɗu, a haɗa kowane da rukuninsa, misali ayaba da 'ya'yan itace, daga baya a nemi ya tuno, idan ya kasa a tuna masa rukunin. Ana zagayawa sau uku, jimillar maki 36. Akwai kuma tambayoyin da ake yi wa mai kula da shi, domin farkon cutar a masu lalurar Down sau da yawa ba da mantuwa take sallama ba. Mutum mai fara'a ya koma shiru, ya daina aikin da ya saba, ya yi taurin kai, ya rikice wajen jera ayyuka kamar alwala ko sa tufafi, ya ji tsoron taka dokin ƙofa. Farfaɗiyar da ta fara bayan shekara 40, musamman mai fizgar hannu da sassafe, alama ce babba.

Kafin a ce mantuwa ce sai an kawar da abubuwan da ke kama da ita, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarancin aikin ƙululun wuya da ke fitar da sinadarin tayirod ya yi yawa a masu lalurar Down, yana kawo kasala da sanyin jiki da jinkirin tunani, gwajin jini ɗaya ke gano shi, ƙwaya ɗaya kullum ke gyara shi. Ramin kunnensu ƙarami ne, dattin kunne na toshe shi, wanda ba ya ji kuwa sai a ɗauka ba ya ganewa. Yanar ido na zuwa musu da wuri. Ɗaukewar numfashi cikin barci, mai zuwa da minshari mai ƙarfi, na hana ƙwaƙwalwa hutu. Sai baƙin cikin rashin uwa ko sauya gida. Idan aka shigar da irin waɗannan cikin gwaji a matsayin masu Alzheimer, an ɓata sakamako, an kuma hana su maganin da zai warkar da su.

Hoton MRI kansa aiki ne. Mutum zai kwanta cikin rami mai ƙara kimanin rabin awa ba motsi, kuma a watannin farko na magani ana maimaitawa sau da dama. Tsarin farko na lecanemab, wanda ake ba da shi ta ƙarin ruwa, ya nemi hoto kafin ƙarin ruwa na 5 da na 7 da na 14. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba shi maganin barci, amma ita ce mafi haɗari, saboda hanyar numfashinsu a matse take, wasu kuma gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu ba ta da ƙarfi. Abin da ke aiki shi ne sabo: a kai shi ya ga na'urar kafin ranar, a kunna masa ƙararta a waya a gida, ya yi atisayen kwanciya, a bar wanda ya yarda da shi ya riƙe masa ƙafa yayin ɗaukar hoton. Wanda hoton farko ya nuna ɗigon jini fiye da huɗu a ƙwaƙwalwarsa ba a saka shi, haka wanda ke shan maganin tsinka jini.

Maganar yarda ita ce mafi nauyi, kuma mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya zo Birnin Kebbi ko Jega da maganar gwajin magani a kan masu tawayar fahimta, wannan tarihin zai tarar yana jiransa. Gyaransa shi ne a yi aiki a fili. Ƙa'idar Helsinki, wadda aka sabunta a 2024, ta yarda a yi bincike da wanda ba zai iya ba da cikakkiyar yarda ba idan binciken zai amfane shi, ko kuma haɗarinsa kaɗan ne, da sharaɗin wakilinsa na halal ya amince, shi ma a nemi amincewarsa, kuma idan ya ƙi a mutunta ƙinsa. A Najeriya sai kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista ya duba, NAFDAC kuma ta ba da izini.

A aikace wannan na nufin ba a fara da ɗauka cewa mutumin ba ya ganewa. A yi masa bayani da Hausar gida, ko Dakarci ko Fulatanci ko Zabarmanci idan shi ne harshensa, da hotuna: ga allura, ga na'ura, ga yawan zuwa. A tambaye shi ya maimaita da bakinsa. Masu lalurar Down da yawa na da son faranta ran babba, za su ce "to" ga duk wanda ya sa farar riga, saboda haka tambayar "ka yarda?" ba ta isa ba. A ba shi zaɓi biyu, a sauya jerinsu, a sake tambaya wata rana. Wanda ya janye hannu, ya ƙi shiga mota, ya yi kuka duk ranar asibiti, ya ba da amsa. Waliyyi kuma a bayyana masa cewa ƙuri'a ce ke raba mahalarta, wasu ruwan gishiri za a sa musu ba magani a ciki, kuma fita daga gwaji ba ta hana kulawa. Kuɗin mota da na abinci a biya daidai, kada ya yi yawan da zai sa gidan da ke cikin ƙunci ya tura ɗansa don kuɗin.

Akwai wata matsala ta iyali da takardun ƙasashen waje ba su cika hangowa ba. Lokacin da mai lalurar Down ya kai 45, mahaifiyarsa, wadda ta fi kowa saninsa, ta tsufa ko ta rasu. Wanda ke da ikon sa hannu wa ne ko kawu, mai wanki da ba da abinci kuwa ƙanwa ce ko matar wa. Gwaji na buƙatar duka biyun: waliyyin da zai amince, da mai kula na yau da kullum wanda zai ba da labarin sauyi. Kuma ya zama mutum ɗaya ne tsawon wata 18, domin idan ƙanwar ta yi aure ta tare a Yauri aka kawo wata, makin zai sauya ba don majinyacin ya sauya ba.

Shin ana iya gwajin irin waɗannan magunguna a Kebbi yau? Gaskiya ba yanzu ba. Lecanemab ƙarin ruwa ne duk mako biyu, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, farashinsa a Amurka ya fara a dala 26,500 a shekara. Hoton PET, mai nuna amiloyid a ƙwaƙwalwa, na dogara da sinadarin da rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin minti 110, sai inda ake ƙera shi kusa. Uwa uba, alamun kumburin ƙwaƙwalwa su ne ciwon kai da amai da rikicewa, abin da a nan za a fara kai wa kemis a karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro. Mutumin Zuru ko Kamba da wannan ya same shi da dare a tsakiyar damina na buƙatar MRI da likitan da ya san karanta shi cikin sa'o'i. Yin gwaji ba tare da wannan ba ganganci ne.

Amma barin Afirka gaba ɗaya a waje shi ma maimaita kuskuren farko ne a wani mataki. Binciken Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya samu ciwon mantuwa da ƙaranci a tsofaffin Yarabawa fiye da baƙaƙen fatar Amurka, ya kuma nuna ƙwayar gadon APOE4 ba ta yi tasiri iri ɗaya a wuraren biyu ba. Wannan ƙwayar gado ce dai ke ƙara haɗarin kumburi da zubar jini ga masu karɓar sababbin magungunan. Sakamakon da aka tattara a Turai da Amurka ba lallai ya zauna daidai a kanmu ba. Su kuma masu lalurar suna nan: wani bincike a Ibadan da aka buga a 1982 ya samu ɗaya cikin haihuwa 865. Da yawa na rasuwa da ƙuruciya, domin kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, ga ciwon huhu, amma waɗanda suka tsallake suna gidaje, kuma idan suka sauya hali a shekara 45 sai a ce iska ce ko sammu. A Amurka matsakaicin tsawon ransu ya tashi daga shekara 25 a 1983 zuwa kusan 60, da hakan ne ma matsalar mantuwa ta fito fili. Mu ma da kulawar yara ta inganta za mu iske ta.

Aikin da ke gabanmu na shimfiɗa ne, kuma ba ya buƙatar biliyoyi. Asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Sir Yahaya na iya buɗe rajistar manya masu lalurar Down, da haɗin gwiwar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Abu na farko a rajistar shi ne shekaru, domin komai na wannan cuta a kan shekaru yake, kuma da yawa ba su da takardar haihuwa. Sai a ƙiyasta da sa'o'insu da manyan abubuwan da gari ke tunawa, a rubuta cewa ƙiyasi ne. Na biyu a tabbatar da lalurar da gwajin kuromosom inda hali ya yi, tunda kallon fuska kaɗai na yin kuskure, kuma jama'a na haɗa lalurori daban-daban a ƙarƙashin sunan galahanga. Na uku a rubuta abin da mutum ke iya yi a lokacin da yake kan ganiyarsa, tun wajen shekara 30 zuwa 35: yana wanka da kansa, yana zuwa masallaci ya dawo, ya san kuɗi, yana iya kai aike biyu a tare. Daga shekara 40 a maimaita duk shekara, tare da gwajin tayirod da duba ido da kunne.

Jarrabawar hotunan sai an mayar da ita ta gida, da ƙwarya da akuya da buta, sannan a gwada ta a kan mutane da dama a tabbatar tana auna abin da ake so kafin a dogara da makinta. Gwajin jini na p-tau217 mai gano alamar Alzheimer, wanda Amurka ta amince da nau'insa na farko a 2025, shi ne zai fi yi mana amfani tunda ba ya buƙatar PET, amma jinin da aka ɗiba sai an tace shi cikin 'yan sa'o'i an adana a firjin da ke riƙe digiri 80 ƙasa da sifili, mai wutar da ba ta yankewa. A rubuta tun farko wa ke da iko da jinin idan an fitar da shi waje, da kuma cewa za a sanar da iyali duk abin da aka gano mai magani. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kula da lafiya ba tare da bambanci ba, kuma kwamitocin ɗa'a na asibitocinmu na da hurumin tambayar duk mai binciken mantuwa da ya kawo takarda dalilin da ya sa ya cire masu tawayar fahimta, su kuma ƙi karɓar amsar da ba ta da hujjar lafiya a bayanta.